TARIHIN SUMAN MATUƘA JIRGIN YAƘI: YADDA SAKAN BIYAR YA WAHALAR DA MASANA SHEKARA ƊARI

Yau za mu ɗan ajiye maganar saitin waya da tattalin data mu shiga tarihi. Amma ku daure ku karanta har ƙarshe, domin labarin zai biyo ta kan wayar da ke hannunku, har da abin da za ku gwada da kanku.

Duk wanda ya saba bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu ya san filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa. Tsakanin garuruwan biyu kusan kilomita 50 ne. Jirgin yaƙi mai gudun kilomita 900 a awa zai cinye wannan tafiyar a ƙasa da minti 4. Da yawanmu idan muka ji haka sai mu ɗauka gudun ne ke jigata matuƙi. To gudu kaɗai ba ya yi wa jiki komai. Maniyyatan da ke tashi daga Ambursa zuwa Saudiyya, jirginsu ma yana kusan wannan gudun, amma a ciki suke shan shayi, wasu har da minshari. Inda matsalar take shi ne lokacin da jirgi ya sha kwana da ƙarfi, ko ya sulmiyo ƙasa sannan ya cira sama farat ɗaya. A nan ne lafiyayyen saurayi, wanda likitoci suka tantance, yake sumewa a kan kujerarsa cikin sakan biyar, jirgi kuma ya ci gaba da tafiya babu mai riƙe da shi. Masana suna kiran wannan suma G-LOC.

MENE NE G ƊIN NAN?

G ma'auni ne na nauyin da jiki ke ji. Yanzu da kake zaune kana karanta wannan rubutu, kana kan 1G, wato jan da ƙasa ke yi maka na yau da kullum. Idan aka ce 2G, komai na jikinka ya ninka nauyi sau biyu. Idan aka ce 9G, sau tara.

Ka tuna majajjawar da yara ke korar tsuntsu da ita a gonar shinkafa? Idan yaro yana juya ta, dutsen ciki yana danne fatar da ƙarfi, igiyar ta miƙe tsam, kamar dutsen ya ƙara nauyi. Haka idan ka juya bokitin ruwa da sauri ta saman kanka, ruwan ba ya zubowa, gindin bokiti yake dannewa. To jirgin da ke shan kwana majajjawa ne, matuƙi shi ne dutsen, jininsa kuma shi ne ruwan bokitin. Gindin bokitin shi ne ƙafafunsa.

Mutum mai kilo 70, a 9G kujerarsa tana ɗauke da kilo 630. Ka lissafa, ya fi buhun shinkafa 12 mai kilo 50. Ɗaga hannu ma aiki ne. Amma ƙashi da tsoka suna iya jure wannan na ɗan lokaci. Jini ne ba ya jurewa.

RULA ƊAYA TSAKANIN ZUCIYA DA ƘWAƘWALWA

Manoman rani na fadamar Rima za su fi kowa gane wannan. Injin ban ruwa yana da iyakar tsayin da zai iya tura ruwa. Idan ka ɗaga tiyo ya wuce wannan iyaka, injin yana ta ƙara amma ko ɗigo ba ya fitowa. Yanzu ka ƙaddara tiyon yana nan inda yake, sai ruwan ne ya ninka nauyi sau biyar. Sakamakon ɗaya ne.

Zuciya ita ce injin. Daga zuciya zuwa ido, ga mutumin da ke zaune, kusan santimita 30 ne, tsawon rula ta 'yan makaranta. Idan aka auna jininka a asibiti aka ce 120 bisa 80, wannan 120 ɗin ne ƙarfin turawa. Hawan wannan rular yana cin kusan 22 daga ciki a 1G. A 2G ya ci 44. A 5G ya ci 110. Ka ga saura ƙiris. Ƙari a kan haka, jinin yana taruwa a jijiyoyin ciki da cinyoyi da ƙwauri, bai dawo wa zuciya ba balle ta tura shi sama.

Ido ne ke fara ba da sanarwa, saboda ƙwayar ido tana da nata matsi a ciki, jini sai ya fi ƙarfin wannan matsin kafin ya shiga. Da farko launuka su dushe, komai ya koma toka-toka. Sai gefe da gefe su rufe, mutum ya riƙa gani kamar ta cikin bututu. Sai duhu baki ɗaya, alhali yana ji da kunnensa kuma yana cikin hayyacinsa. Idan aka ci gaba, sai suma. Mutumin da ba shi da horo, ba shi da kayan kariya, yawanci tsakanin 4G da 6G yake tafiya.

Ƙwaƙwalwa ba ta da ma'ajiyar kirki. Idan jini ya yanke mata, iskar oksijin da ke cikinta ta sakan biyar ce ko kusa da haka. Jiki yana da dabararsa ta gyara, zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyi su tsuke, amma wannan gyaran yakan ɗauki sakan shida zuwa goma kafin ya kankama. Ka ga an bar baya da ƙura: ajiyar ta ƙare kafin agaji ya iso. Duk tarihin da za mu bi yanzu, faɗa ne a kan wannan ɗan tsakanin.

DAGA LILON WASA ZUWA YAƘIN DUNIYA NA ƊAYA

Abin mamaki, an fara ganin wannan suma tun jirgin sama bai zama abin hawa ba. A farkon shekarun 1900, Hiram Maxim, mutumin da ya ƙera bindigar nan mai sunansa wadda Turawa suka ci ƙasashen Afirka da ita, ya ƙera wani lilo mai juyawa a Ingila don wuraren shaƙatawa. Wajen gwaji, injiniyansa mai suna Thurston ya hau, aka juya shi har ya haura 6G, ya sume. Aka rage wa lilon ƙarfi aka ci gaba da kasuwa.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, matuƙa suka fara ba da labarin duhun gani idan sun sha kwana. Wani likitan ƙwaƙwalwa na Ingila, Henry Head, ya rubuta rahoto jim kaɗan bayan yaƙin a kan suma a sararin sama. A ciki har da labarin matuƙin da ya matse kwana, gani ya ɗauke masa, da ya farfaɗo sai ya tsinci kansa a saman wani ƙauye daban. A lokacin mutane da dama sun ɗauka raunin zuciya ne ko tsoro, shi ya sa matuƙa ba sa son faɗa.

Bayan yaƙi aka shiga tseren jirage. A 1922, Russell Maughan na sojan Amurka ya lashe gasar Pulitzer da gudun kusan kilomita 330 a awa, ya kuma faɗa cewa gani yana ɗauke masa a kwanoni. A 1924 wani matashin soja, Jimmy Doolittle, ya ce a daina zato a auna. Ya ɗaura wa jirgi na'urar auna G, ya riƙa sulmiyowa yana cirawa, har ya kai 7.8G, fukafukan jirgin suka kusa rabuwa. Abin da ya gano shi ne har yau ake koyarwa: ƙarfi mai yawa na ɗan ƙiftawar ido bai cika sumar da mutum ba, wanda ya daɗe na wasu sakanni shi ne mugun.

Don ku ga zamanin, shekara ɗaya bayan wannan gwaji ne jirgin sama ya fara sauka a Najeriya. Ranar 1 ga Nuwamba 1925, jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano daga Masar, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham.

JIRGIN DA KE TUƘA KANSA IDAN MAI SHI YA SUME

A shekarun 1930 Jamus ta ɗauki abin da muhimmanci. Wani likita, Heinz von Diringshofen, tare da ɗan uwansa injiniya, suka gina katafariyar majajjawa ta mutane: dogon ƙarfe mai kujera a ƙarshensa, a zaunar da mutum a juya shi, likitoci suna kallo suna aunawa. Dalilinsu a fili yake. Suna ƙera jirgin Stuka, wanda aikinsa shi ne ya kifa hanci ƙasa kusan a tsaye, ya saki bam, sannan ya cira. Wajen cirawar nan matuƙi yakan sha kusan 6G.

Maganin da Jamusawa suka kawo mai sauƙi ne. Sun yarda cewa matuƙin zai iya fita hayyacinsa, sai suka sa wa jirgin na'urar da za ta fara ciro shi da kanta da zarar an saki bam. Ku riƙe wannan dabara a rai, domin bayan shekara 80 duniya za ta dawo kanta.

WANDON RUWA DA WANDON ISKA

A Kanada kuma, wani mai binciken cutar daji a Toronto, Wilbur Franks, shi ma da injin juyi yake aiki, amma ƙarami na ɗakin gwaji. Kwalaben gwajinsa suna ta fashewa idan ya juya su da ƙarfi. Sai ya lura idan ya sa su cikin wata kwalba mai ruwa, ba sa fashewa, domin ruwan waje yana danna su daidai da yadda na ciki ke turowa. Ya gwada da ɓeraye a cikin jakar roba mai ruwa, suka rayu. Sai ya ce, me zai hana mutum?

Da goyon bayan Frederick Banting, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano insulin na masu ciwon suga, Franks ya ɗinka kaya mai ruwa a tsakanin fallensa biyu. Idan G ya ƙaru, ruwan ya yi nauyi ya matse ƙafafu da ciki, jini ya rasa wurin taruwa. Da kansa ya sa ya shiga jirgi a 1940. A Nuwamban 1942 matuƙan sojan ruwan Ingila suka sa shi a yaƙi a Oran ta ƙasar Aljeriya. Ya yi aiki, sai dai matuƙa ba su so shi ba. Ga nauyi, ga zafi, mutum yana yawo kamar salka.

Wanda ya zauna shi ne na iska. A Amurka, asibitin Mayo ya gina tasa majajjawar a 1942. Likitoci irin su Earl Wood da Edward Lambert suka riƙa hawa da kansu, suna sumewa ana farfaɗo da su, ana auna jininsu. Tare da wani masaƙi mai suna David Clark suka fito da wando mai balan-balan biyar: ɗaya a ciki, biyu a cinyoyi, biyu a ƙwauri. Tiyo yana haɗa wandon da jirgi, da G ya hau sai iska ta cika su ta matse. Kafin yaƙin ya ƙare a 1945 matuƙan Amurka suna sawa, kuma wandon da matuƙan yau ke sawa jikansa ne.

Wandon kaɗai abin da yake ƙarawa bai fi 1G zuwa 1.5G ba. Babban aikin na jikin matuƙi ne, kuma a Mayo ɗin aka tsara shi. Mutum ya ɗaure tsokar ƙafafu da ɗuwawu da ciki tamau, ya cika ƙirji da iska, ya yi yunƙuri kamar mai ɗaga buhu, duk bayan sakan uku ya fesar ya ja sabuwa da sauri. Idan an iya shi yana ƙara kusan 3G. Shi ya sa idan ka ji muryar matuƙi a bidiyo yana cikin kwana, za ka ji yana nishi guntu-guntu kamar ɗan kokawa.

BA YAWAN BA, TA INDA YA BIYO

Ranar 10 ga Disamba 1954, wani likitan sojan saman Amurka, John Stapp, ya hau kujerar da aka ɗaura wa rokoki a kan layin dogo. Ta kai gudun sama da kilomita 1,000 a awa, aka tsayar da ita cikin sakan 1.4. Jikinsa ya sha fiye da 40G. Idanunsa suka cika da jini, ya yi ɗan lokaci ba ya gani, amma bai sume ba.

Ta yaya 5G ke sumar da mutum, 40G bai sumar ba? Dalili biyu. Na farko, ƙarfin ya bi ta ƙirji da baya ne, bai bi daga kai zuwa ƙafa ba, don haka jini bai gangara ya bar ƙwaƙwalwa ba. Na biyu, bai kai sakan biyar ɗin nan ba. Wannan ne ya sa 'yan sama jannati suke kwanciya rigingine idan roka za ta tashi. Kuma binciken Stapp ya taimaka wajen tilasta bel ɗin kujera a motoci, wanda direbobinmu ke ratayawa sai sun hango jami'an hanya.

LOKACIN DA JIRGI YA FI MAI SHI ƘARFI

Har zuwa shekarun 1960, duhun gani aboki ne. Jirgi yana tara G a hankali, ido ya fara dushewa, matuƙi ya sassauta. Sai aka ƙera jirage irin F-16, wanda ya fara tashi a 1974. Wannan yana iya kai 9G cikin sakan biyu, ya kuma zauna a kai. An kwantar da kujerarsa baya da digiri 30, duk da haka sabuwar matsala ta fito: idan G ya hau da irin wannan saurin, ido da ƙwaƙwalwa tare suke cinye ajiyarsu. Babu toka-toka, babu bututu. Mutum yana gani garau, sai kawai ɗif, kamar an ɗauke wuta.

Binciken da aka yi a majajjawa, musamman na likita James Whinnery wanda ya nazarci ɗaruruwan irin wannan suma, ya nuna abin da ke biyo baya. Kusan sakan 12 mutum ba ya nan sam, kai ya langaɓe, wani lokaci hannu da ƙafa suna fizga, wasu har gajeren mafarki suke yi. Sannan wani sakan 12 zuwa 15 ido a buɗe amma bai san inda yake ba. Jimilla kusan rabin minti. Jirgi mai gudun kilomita 900 a awa yana cin mita 250 duk sakan ɗaya. A sakan 25 ya wuce kilomita 6. Idan hancinsa ƙasa yake kallo, ba sai an faɗa ba.

Abin da ya ƙara ɓoye matsalar shi ne, da yawa daga waɗanda suka sume ba sa tunawa. A majajjawa akan nuna wa matuƙi bidiyon kansa yana langaɓewa, shi kuwa ya rantse idonsa biyu. Waɗanda suka tuna kuma suna tsoron a hana su tashi. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ai ciwo ba zai ɓoye shi ba. Sabon jirgin F-20 guda biyu suka faɗi, ɗaya a Koriya ta Kudu a 1984, ɗaya a Kanada a 1985, duka da ƙwararrun matuƙan gwaji, bincike kuma ya ɗora alhakin a kan wannan suma. Daga nan sojojin sama na ƙasashe da dama suka wajabta wa matuƙan yaƙi horo a majajjawa. Duk da haka bai ƙare ba. A Afrilun 2018, Manjo Stephen Del Bagno na tawagar wasan jirage ta Thunderbirds a Amurka ya rasu. Ya yi ɗan lokaci jirgi a kife, jini ya taru a kai, jiki ya sassauta bugun zuciya, sai ya ja sama da 8G nan take. Jikin bai samu damar juyawa ba.

A ƙarshe aka koma dabarar Stuka, amma da kwamfuta. Daga 2014 aka fara sa wa F-16 manhajar da ke kwatanta inda jirgi ya dosa da taswirar ƙasa. Idan ta ga za a yi karo kuma matuƙi bai motsa ba, sai ta karɓe tuƙi. Akwai bidiyon 2016 da sojan Amurka suka saki, yana nan a YouTube: ɗalibin matuƙi ya sume a 8.3G, jirgi ya sulmiyo daga ƙafa dubu 17, malaminsa yana ta ƙwala masa kira ta rediyo, shiru. Kwamfuta ce ta ciro shi, ƙasa da ƙafa dubu 5.

A NAN GIDA FA?

An kafa rundunar sojan saman Najeriya a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma. Jiragen yaƙi masu injin jet sun shigo lokacin yaƙin basasa a 1967, samfurin MiG na Rasha. A farkon shekarun 1980 aka sayo Alpha Jet, wanda har yau yana aiki. A 2021 aka ƙaddamar da JF-17 guda uku daga Pakistan, mai ɗaukar 8G, sannan Super Tucano guda 12, wanda duk da farfela gare shi an gina shi ya ɗauki 7G. Mazaunin Super Tucano shi ne Kainji, kusa da tafkin da ya miƙo har Yawuri a jihar Kebbi. Matuƙan jet kuma a Kano ake horar da su. A Oktoban 2019 Kafayat Sanni ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgin yaƙi a rundunar. Wato idan ka ji ƙarar jirgin soja ta wuce ta saman garinku, a ciki akwai ɗan ƙasarku yana fama da wannan rular ta santimita 30. Kuma namu suna da ƙarin abokin gaba: zafi. Gumi da ƙarancin ruwa a jiki suna rage yawan jini, juriyar G ta ragu. Haka yunwa da rashin barci.

Ga wani misali na gida da ke nuna darasin Doolittle da Stapp. Ranar 18 ga Yuli 2021, 'yan bindiga suka harbo Alpha Jet a Zamfara. Matuƙin, Flight Laftanar Abayomi Dairo, ya ja kujerar tsira ta cilla shi waje. Irin wannan kujera tana buga wa mutum 12G ko fiye, kuma ta kai zuwa ƙafa. Amma bai kai sakan ɗaya ba, don haka haɗarinta na ƙashin baya ne, ajiyar ƙwaƙwalwa ba ta ƙarewa. Ya sauka da lema a dajin da maharan suke, kuma sanarwar rundunar ta ce da duhun dare da wayarsa ya yi amfani wajen gane hanya har ya isa wurin sojojin ƙasa.

Su kuwa fasinjojin Ambursa hankalinsu ya kwanta. Kwanar da jirgin fasinja ke sha ba ta cika wuce digiri 30 ba, wato kusan 1.15G. Ba inda za ta kai mutum.

DARASIN DA YA SHAFE MU A ƘASA

Ba sai ka hau jirgi ba. Ka taɓa daɗewa a tsugune, ka miƙe zumbur, ka ga duhu da taurari? Ƙanin G-LOC ne, a 1G. Haka ɗalibin da ke faɗuwa a layin asambuli, ko ɗan fareti a rana. Maganin ma irin na matuƙa ne: ka miƙe a hankali, idan ka ji jiri ka harɗe ƙafafu ka ɗaure tsokarsu, ko ka zauna nan take. Idan wani ya sume a gabanka, kada a zaunar da shi, kada a ɗura masa ruwa a baki. A kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa, zuciya da kai su zo layi ɗaya. Idan bai farfaɗo cikin minti ɗaya ba, ko abin yana maimaituwa, sai asibiti.

Argungu ma tana da nata gefen labarin. Bikin kamun kifi, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, yana da wasannin kabanci, inda ake nutso ana kamun kifi da hannu. Mai nutso da matuƙi iyakarsu ɗaya, oksijin a ƙwaƙwalwa, hanyar ce ta bambanta. Shi matuƙi jinin ne bai iso ba, shi mai nutso jinin ya iso amma babu iska a ciki. Yaran da ke kwaikwayon gwanaye a Matan Fada ko a gulbi su kiyayi abu ɗaya: yawan jan numfashi da sauri kafin nutso. Yana kashe ƙararrawar da ke ce maka fito ka sha iska, amma ba ya ƙara oksijin ɗin kirki. Sai mutum ya sume a ƙarƙashin ruwa babu sanarwa, kamar matuƙin F-16. Kada kowa ya yi nutso shi kaɗai.

YADDA ZA KA AUNA G DA WAYARKA

Na'urar da Doolittle ya ɗaura wa jirginsa a 1924, yau tana cikin wayarka, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Ita ce sensar motsi, wadda ke juya allo idan ka kwantar da waya, kuma take ƙirga takunka. Tecno, Infinix, itel, Samsung, kusan duk suna da ita. Ta iPhone 14 ma tana auna har 256G don gane haɗarin mota.

1. Shiga Play Store ko App Store ka sauke manhajar phyphox. Kyauta ce, wata jami'a a birnin Aachen na Jamus ta yi ta.
2. Buɗe ta, ka zaɓi awon motsi wanda ya haɗa da g, ka danna alamar farawa.
3. Ajiye wayar a kwance kan tebur. Za ka ga lamba kusan 9.8. Wannan shi ne 1G. Duk lambar da ka gani, raba ta da 9.8.
4. Riƙe ta daidai a tafin hannu, ka tsuguna ka miƙe da sauri. Lambar za ta haura, sannan ta faɗo.
5. Sake ta daga ɗan tsayi kan katifa. Lokacin da take faɗowa lambar za ta koma kusan sifili, irin abin da 'yan sama jannati ke ji.
6. Idan kana fasinja a mota, duba yadda take canzawa wajen birki da kwana. Direba da ɗan acaɓa ban da ku.

Masu Samsung, a wayoyi da yawa idan kun danna *#0*# a wurin kira, za ku ga shafin gwaji mai nuna lambobin sensar kai tsaye.

Duk tsallen da za ka yi, babbar lamba za ta bayyana ne ta ɓace kafin ka ƙifta ido. Matuƙin yaƙi kuwa yana riƙe 7G ko 8G na sakan goma ko fiye, yana nishi, yana kallon abokin gaba, yana magana a rediyo. Shekara ɗari ana ƙara wa jirgi ƙarfi, daga katako da yadi zuwa ƙarfen da ya fi sauti gudu, amma tazarar zuciya da ƙwaƙwalwa tana nan santimita 30, ajiyar kuma sakan biyar.

Ku gwada, ku faɗa mana lamba mafi girma da wayarku ta nuna da kuma samfurin wayar. A tura wa 'yan uwa, musamman masu yara da ke zuwa gulbi. Sai mun haɗu a darasi na gaba.